Yadda Ake Gyara Shari'a Har Akuya Ta Sauya Gida

Kai da aka ɗora a kujerar kotu bayan tafiyar Nasara, kana son a riƙa kiranka gwanin sabuwar shari'a? To, gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, suna sai ka ture, kuma ba za ka yanke hukunci ko ɗaya da bakinka ba. Da matakan nan ne Mushe Alfari (Mushe shi ne Malam a bakin Nasara), tafintan da aka bar wa kujerar wata ƙaramar kotu a ƙasar Gaya ta yankin Doso, ya yi fice a farkon ƴancin kai.

Mataki na 1: Zaɓi ƙarar da ba ta cizo

Kada ka fara da rikicin gona, masu shi da gatari suke zuwa. Alfari ya yi dace da Jummai, wata tsohuwa a unguwar bakin kogi, da maƙwabcinta Lawali, suna jayayya kan wata jar akuya mai ciki. Lawali ya ce tasa ce da ta ɓace. Jummai kuwa ba ta da wata dabba a duniya sai ita, da nononta take raya jikarta marainiya. Dattawa suka ce abin ai ba wuya: a sake ta a mararraba da la'asar, gidan da ta shiga shi ne gidanta. Haka aka saba tun kakanni.

Mataki na 2: Hana a gama

Nan ne haɗarin yake, don ƙarar da ta ƙare ba ta ciyar da gwani. Alfari ya miƙe tsaye ya ce ƙasa ta samu ƴanci, abin kunya ne dabba ta yanke wa mutane hukunci. Akuyar nan shaida ce, shaida kuwa a hannun hukuma take kwana. Da yake kotu ba ta da turke, sai ya sadaukar da na gidansa. Kai ma ka riƙa irin wannan sadaukarwa.

Mataki na 3: Tafi nazari

Ba a gyara shari'a daga zaune. Haye gada ka shiga Malanbil, ka ga yadda mutanen Dahome suke tasu. Alfari ya yi safiya guda a bencin baya yana gyangyaɗi, sauran kwanakin ya nazarci sakwara da miyar kifi. Ya dawo da ƙararrawa. Daga nan ya leƙa Kamba, a tsallaken ɗaya iyakar, ya dawo da kalmomin Ingilishi da shi kansa bai san inda suka dosa ba. Ka lura, ilimin da aka tsallaka iyaka da shi ya fi na gida nauyi, ko da ƙararrawa ce.

Mataki na 4: Sauya abin da ido ke gani

Mai ƙara ya koma hagu, wanda ake ƙara ya koma dama. In an saba, ka sake juya su. Buga ƙararrawa kafin ka ɗage zama, ka buga bayan ka ɗage. Jummai ba ta taɓa fashi ba, kullum tana nan da goyo, kullum sai an nuna mata sabon benci. Wata rana ta tare Alfari a bakin biro, wato ofishinsa.

"Ɗana, ni ba tsari na zo nema ba. Yarinyar nan ramewa take yi."

"Inna, ki ƙara haƙuri. Gyaran nan don irinku ake yin sa."

Haddace wannan amsa, ba ta tsufa.

Mataki na 5: Kula da shaida

Shaida amana ce. Dusa da safe, harawa da yamma, ɗan ruwan kanwa, ga ƙanzon tukunya daga hannun uwargida. Akuya ta yi ɓul-ɓul, ta haifi tagwaye. Madalla, ga sabuwar tambaya: ƴaƴan suna cikin ƙara ko suna waje? Kafa kwamiti. Nonon kuma kada a bari ya lalace, ɓarna haramun ce.

Mataki na 6: In babba ya zo, rungumi al'ada

Damina ta wuce, kaka ta wuce, sai ga wani babban alƙali daga Doso ya zo rangadi. Ya ji labari, ya dubi agogonsa, ya ce a saki dabbar mana. Kada ka daburce. Alfari ya ce ranka ya daɗe, ai nan nazarinsa ya tsaya ke nan: a ƙulla aure tsakanin zamani da gargajiya.

Aka kai akuya mararraba da la'asar, gari ya fito kallo. Jummai ta share gindin turkenta tun safe, ta tsaya a ƙofa. Akuya ta wuce gidan Lawali ko waiwaye babu. Ta iso ƙofar Jummai, ta tsaya, ta shinshina zanenta. Sai ta kaɗa kunne, ta miƙe hanya tiryan-tiryan, tagwaye na biye, ta faɗa zauren Alfari.

Alƙali ya ce al'ada ta yi magana, ya shiga mota. Alfari ya tafa hannu, ya ce shi kam bai so ba, amma wa ya isa ya ja da abin da aka gada? Jummai ta koma cikin gidanta. Ta tumɓuke turken, ta sa shi a murhu, ta dama wa yarinya koko ba nono.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya, nan duniya ko gaba. Akuya dai na ce za ka samu, ban ce da kwanciyar rai ba. In kuma wata tsohuwa ta riƙa biyowa ta ƙofarka kowace safiya, ta leƙa ta gai da akuya, ta tambaye ta kwanan yara, ta wuce ka kana zaune ko kallo ba ka samu ba, kada ka zo wurina. Alfari ma bai sami ƙasar da zai je nazarin wannan ba.