Tsoka Huɗu a Aljihun Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokin aikina Malam Sagir a Durba ba. Ko na manta ma, malaman makarantarmu suna nan za su tuna min.

Wata uku kafin bikin na je asibiti a Rano, kaina yana ta sarawa. Likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, amma bai kai a ɗora ni a kan magani ba tukuna, muddin zan rage gishiri da maiƙo, in riƙa tafiyar ƙasa kullum. Na tsorata ƙwarai, don ciwon zuciya ne ajalin mahaifina. Na jingine babur, na koma takawa zuwa makaranta. A gida kuwa, sai zogale da rama.

Matsalar ita ce ban tsaya a kaina ba, wa'azi na kama. Duk malamin da ya kwance ƙullin ƙosai a ofis, sai na tsaya a kansa ina girgiza kai (har suna suka laƙaba min, wai "Dakta").

To, ranar walima aka shigo da tiren soyayyen naman rago. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "A'a, ni dai a miƙo min kwaɗon can." Amma ƙamshin nan ya hana ni sakat. Da jama'a suka tashi alwalar la'asar, na waiga dama da hagu, na kwashi tsoka huɗu (masu kitsen kuwa na zaɓa) na zura a aljihun babbar rigata. Niyyata in ci a hanya, daga ni sai Mahaliccina.

Bayan an idar da salla, kawun ango, Alhaji Ɗanladi, ya ce, "Malam, an ce ka san kan hawan jini. Taimaka mana, ni ma nawa ya ƙi sauka."

Ai kuwa na miƙe ina gyara hula. Na yi bayanin gishiri, na yi na kitse, har na ce mai cin soye da hannunsa yake kashe zuciyarsa. Dattawa suna ta gyaɗa kai. Daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in gwada musu motsa jiki. Na ɗaga hannuwa sama, na sunkuya zan taɓa yatsun ƙafa.

Sai ga nama yana zubowa kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗun gangarawa ta yi har gaban Alhaji.

Alhaji ya ɗauke ta, ya jujjuya, ya ce, "Malam, wannan kafin motsa jikin ake haɗiya, ko bayansa?"

Ango har da faɗuwa don dariya. Ni kuwa ina nan sunkuye, na rasa ta yadda zan ɗago.

Har yau ina tafiyata, kuma likita ya ce jinin ya sauka, alhamdulillahi. Sai dai bakina ya mutu a kan abincin mutane. In nama ya ba ni sha'awa, tsoka ɗaya nake ɗauka, in yi bismilla da ƙarfi, in cinye abata a gaban kowa.