Rasuwar Mai Ƙofa Biyu, Akwatin Talabijin na Unguwar Shitu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Maiwada na Unguwar Shitu, kan hanyar Funtua zuwa Dandume, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin talabijin ɗinsa, wanda aka fi sani da Mai Ƙofa Biyu. Ya rasu ranar Asabar, 11 ga Yuni, 1988, da hantsi, a kan benci a rumfar Mudi mai gyaran agogo. Shekarunsa goma sha ɗaya. Lafiyarsa ƙalau har ranar da aka fara yi masa magani.

Marigayin ya zo garin a 1977, shekarar da wani babban jami'in gidan talabijin ya tsaya a gindin tsamiyar kasuwa ya roƙi manoma su sayi akwati. Jami'in ya ce tashar ta talakawa ce, kuma muddin akwai manomi ɗaya mai kallo, ba za a bar shi a duhu ba. Malam Maiwada yana sahun gaba a wannan rana. Ya sayar da bijimi, ya sayo baƙi-da-fari mai cin batirin mota, ya sa kafinta a Malumfashi ya yi masa gidan katako mai ƙofofi biyu. Daga nan sunan ya samo asali.

Marigayin mai haƙuri ne. Ba ya magana sai an jira shi. Yakan fara da ɗan nishi, "fuuu", sannan murya ta riga hoto fitowa: "Manoma, barkanmu da war haka." Kowace Alhamis bayan magariba ana fito da shi ƙofar zaure domin shirin manoma, maza a tabarma, mata daga soro. Daga bakinsa garin ke jin ranar rabon irin auduga da ranar feshi. Bai taɓa cin kowa tara ba, bai taɓa tambayar wa ya zaɓi wa ba. Saboda shi ƙungiyar manoma ta daina aika mutum Funtua jin labari. Ta ce Malam Maiwada ne kunnenta, shi kuma ya amsa, ya ce su bar masa.

Ciwon ajali ya fara ranar Alhamis, 26 ga Mayu. An buɗe ƙofofin, an kunna, ba hoto, sai yayyafi fari a fuskarsa da "shhhh". Aka juya gorar eriya gabas, aka juya ta kudu. Washegari aka ƙara mata gora ta biyu. Aka kai batiri caji, aka dawo da shi. Alhamis ta zagayo, mutane suka zauna, marigayin bai ce komai ba sai "shhhh". Malam Maiwada ya ce a yi haƙuri, tsufa ne, zai tashi.

A Unguwar Shitu duk abin da ke da waya a cikinsa wurin Mudi ake kai shi. Mudi ya buɗe bayan akwatin sau uku cikin kwana tara. Ya goge, ya hura, ya sauya wayoyi biyu da suka yi masa kama da masu laifi. A buɗi na uku marigayin ya yi ƙara ɗaya, "tas", hayaƙi ya fito ta bayansa. Bai sake nishi ba.

Ranar Litinin Malam Maiwada ya naɗe gawar cikin bargon matarsa Kulu, ya ɗaure a bayan babur, ya kai wa Raufu mai gyaran talabijin a Funtua. Raufu ya leƙa ciki, ya ɗago.

"Baba, wa ya taɓa shi?"

"Likitanmu na gida."

"Ai ba shi da ciwon komai. Tashar ce ta tashi ta bar shi. Sun koma sabon zango saboda masu kala, irin naku ba ya kamawa. Da kun kawo shi da ransa, ɗan ƙarfe zan ɗaura masa, shi ke nan."

"Suka tashi ba sallama?"

"Sun yi sanarwa, Baba."

"A ina?"

"A sabon zangon. Da jaridar Turanci."

A shagon ne kuma Malam Maiwada ya ji cewa shirin manoma bai fasa fitowa ba. Ranar 2 ga Yuni, yayin da mutanen Unguwar Shitu ke zaune suna kallon yayyafi, an sanar da rabon irin auduga: kwana uku, daga Litinin zuwa Laraba. An yi, an gama. Gidaje arba'in da ɗaya na ƙungiyar ba su karɓi ko ƙwaya ba. Raufu ya ce sanarwar ta yi kyau ƙwarai, buhunan har launinsu ya fito.

Iyalan marigayin na so a sani cewa ba su riƙe Mudi da komai ba. Ya yi abin da ya iya da abin da ya sani. Malam Maiwada bai ambaci sunan jami'in nan na gindin tsamiya ba tun da ya dawo. Ya dai rubuta wa tashar wasiƙa mai layi shida, yana tambaya ko alkawarin 1977 na masu kala ne kawai. Tun ranar Litinin kuma a sahun baya yake salla, ya riga kowa fita.

Marigayin ya rasu ya bar mai shi. Da Kulu, wadda ta saƙa masa mayafi. Da batiri ɗaya. Da gora biyu da har yanzu ke tsaye bisa zaure. Da tsohuwa Uwa, wadda shekara goma sha ɗaya tana amsa gaisuwar mai gabatar da shiri, kuma ta ce ita ba ta yarda yaron nan zai tafi bai faɗa mata ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, 17 ga Yuni, bayan la'asar. Za a rufe ƙofofinsa biyu, a ɗora shi bisa rumbun da aka share domin irin bana. Maza za su karɓi gaisuwa a zaure, mata a wurin Kulu. Ana roƙon dillalan akwati mai kala su dakata sai bayan kwana bakwai. Idan gidan talabijin ya aiko da wakili, akwai tabarma.

Ruwa ya sauka sau uku, an yi huɗa, kunyoyi na jira. Sada, sakataren ƙungiya, ya je Funtua jiya ya tambaya ko akwai ragowar iri. An ce masa ba a gama lissafa buhuna ba tukuna. Idan ya ragu, za a sanar a shirin manoma ranar Alhamis.