Ranar Da Aka Kwashe Likitoci Zuwa Bita

Talatar makon jiya na saɓa Shalele a kafaɗa muka isa ƙaramin asibitin unguwarmu tun ana shara. Shalele 'yata ce, shekararta huɗu, asma take fama da ita. Kwana biyun nan in ta ɗan yi gudu a tsakar gida sai ta tsaya ta dafa bango, ƙirjinta na fito kamar an manta buta a kan wuta. Maganin shaƙa da aka rubuta mata muna fesawa ba fashi, amma kamar mai zuba ruwa a kwando. Har malamarsu ta ce in riƙe ta a gida tukuna, don ita ba ta iya ganin yarinya tana kokawa da numfashi a aji.

Talata ce ranar masu ciwon da ba ya sallama: hawan jini, suga, asma. Na tarar da benci cike da tsofaffi, ƙofar likita kuwa da kwaɗo. Na leƙa wajen nas.

"'Yar'uwa, likita fa?"

"Ya tafi bita a otal."

"Bitar me?"

"Yadda ake kula da masu ciwo mai daɗewa."

"Wato mu."

"Ku ɗin."

"To me ya sa aka sa ta ranar Talata?"

Ta ɗago ta dube ni da tausayi. "An bincika an ga ranar ce kaɗai ake samun kowane likita a kujerarsa. Sai ya fi sauƙin kwashe su."

Jama'a, ku taya ni jinjina wa wanda ya yi wannan tunani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da ƙaramin kaina da na ce a bar likita da marasa lafiyarsa a ranarsu, a kira shi wata ranar. Shi ya sa har yau ba a ba ni ofis mai sanyi ba.

Kada a ce ina ƙin ilimi. Likitanmu mutumin kirki ne, shi ke duba ni, ya duba mijina, ya duba surukata. Ina so ya ƙaru, don ilimin da ya baro makaranta da shi ba zai yi masa har tsufa ba. Amma ilimin da za a samo a rufe ƙofa a bar 'yata tana fito, sai na je na gan shi da idona. Zuwa da kai ya fi aike. Na tare tasi.

A ƙofar otal maigadi ya tare ni, ya ce ina katin da ake ratayawa a wuya.

"Baba, likitan 'yata nake nema."

"'Yata, taron likitoci ne. An ce kada a bar marar lafiya ya shiga."

"A kan wa ake taron?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "A kan marasa lafiya."

Shalele ta yi wani tari da ya girgiza ta. Dattijon ya dube ta, ya juya mini baya yana gyara hula. "Ni dai ban ga kowa ba. Ƙofa ta biyu ce a hannun hagu."

Ɗakin taro sai ka ce gidan biki. An shimfiɗa wa babban tebur farin mayafi, an jera robobin ruwa da furanni. A bango an rataya ƙyalle mai ɗauke da fuskar Mai Girma Uban Taro, Sarkin Yanka Zare, garkuwar marasa lafiya. A can ƙasa kusa da kafaɗarsa an liƙa ɗan hoton huhu, don kada a manta abin da ya tara mutane. Likitoci cike da kujeru, kowa da sabuwar jaka mai tambari a cinya, wasu na hamma, wasu na latsa waya. Tun safe suke zaune. Ba a fara karatu sai an buɗe taro, ba a buɗe taro sai Mai Girma ya zo. Lokaci-lokaci mai gabatarwa yakan hura makirufo ya ce yana kan hanya.

Likitanmu ya hango ni ya taso. "Maman Shalele? Lafiya?"

"Da lafiya ai ba ka gan ni nan ba, likita."

Ya laluba aljihu, babu abin sauraron ƙirji, don biro kawai aka ce su zo da shi. Sai wata dattijuwa da ke zaune a gefen majigi ta yafuto mu. Ashe ita ce babbar likitar da aka ɗauko ta koyar, aka kuma hana ta buɗe baki sai an yanka zare.

"Kawo ta nan, 'yata. Nuna mini yadda kike ba ta maganin."

Na ce wa Shalele ta buɗe baki, na fesa. Ta lashe leɓe ta yamutsa fuska.

"Da ɗaci ko, jikalle?" Shalele ta gyaɗa kai. Dattijuwar ta juya ga ɗakin, ba ta ko nemi makirufo ba. "Kun gani? Magani ya sauka a harshe, harshe kuwa ba ya asma. Cikinku wa yake sa marar lafiya ya fesa a gabansa kafin ya sallame shi?"

Wani daga baya ya ce, "Malama, layi ne. Kana rubuta wa wannan, na gaba ya riga ya leƙo."

"Na sani, ɗana, ni ma na yi furfura a layin nan. Amma in ba ka gani ba, sai ka yi ta ƙara magani kana cewa ciwo ne ya yi taurin kai."

Ta ce akwai wani bututu da ake haɗawa da maganin don yara, tun kafin taro ta roƙi a sayo na gwaji, aka ce mata sai an gama biyan kuɗin ƙyalle da jakunkuna. Tana faɗa tana takawa zuwa babban tebur. Ta ɗauki robar ruwan da ke gaban kujera mai tsawon baya. Mai gabatarwa ya taso da sauri.

"Ranki ya daɗe, ruwan Mai Girma ne."

"In ya zo ka ce masa ya yi sadaka."

Ta juye ruwan a tukunyar fure, ashe furen ma na roba ne. Ta miƙa hannu ta ɗauki almakashin da aka ajiye a faranti don yanka zare, ta huda gindin robar. Ina jin almakashin nan bai taɓa aikin lada ba sai ranar. Ta cusa bakin maganin a hudar, ta sa wa Shalele bakin robar a baki, ta fesa, ta ce ta ja numfashi a hankali, ta sake ja, kamar mai shan kunu da zafi.

Ni dai ina tsaye na riƙe mayafina. Jim kaɗan kafaɗun yarinyar suka sauka. Fiton nan da ya hana ni sakewa ya yi ta raguwa, har na kara kunnena a bayanta ina nemansa. Dattijuwar ta ce mini robar ta wucin gadi ce, in nemi bututun gaske, in kuma koma asibiti a duba ta a tsanake.

Kafin ka ce me, likitoci sun watsar da jakunkuna sun yi da'ira. Wannan ya shanye ruwansa yana neman almakashi, wancan na gwadawa, ana gyara masa riƙo ana dariya. Tambayoyi suka ɓarke. Wani ya ce masu hawan jini da ke ajiye magani da zarar kai ya daina ciwo fa? Dattijuwar ta gyara tsayuwa ta ce yanzu za ta zo kan wannan.

Sai jiniya ta tashi a waje.

Mai gabatarwa ya fizge almakashinsa yana gogewa da gefen riga. Aka ce kowa ya koma kujerarsa, a ɓoye robobin nan, a kuma fita da yarinyar, kada Mai Girma ya shigo ya tarar da ciwo a ɗaki. Daga baranda na ji Mai Girma yana jawabi. Gaishe-gaishen manyan baƙi kaɗai ya isa mutum ya wanke tuli guda na kaya. Daga nan ya ce marar lafiya shi ne sarki a wajensu, kuma ƙofarsu a buɗe take gare shi kullum. Aka tafa. Likitanmu ya gaya mini daga baya cewa bayan jawabi aka yi hoto, bayan hoto aka ci abinci, bayan abinci aka raba takardun shaida, aka yi addu'a aka tashi.

Shalele ta koma makaranta. Jiya malamarsu ta kawo mini ƙara, wai ta hana kowa sakat da guje-guje a filin wasa. Na ba da haƙuri ina danne murmushi. Wannan Talatar kuma da muka koma, duk mai asma da ya shiga sai likitanmu ya ce, "Fesa in gani."

Da na ba maƙwabciyata mai kitso labari, tsohuwa ce mai fama da hawan jini, sai ta saki kaina ta leƙo fuskata.

"To mu fa, me aka koya musu a kanmu?"

"Gwaggo, ana shirin shiga babinku jiniya ta tashi."

"Wato da ya ƙara jinkiri kaɗan da ni ma na samu rabona."

"Da kin samu."

Ta ɗaga hannu sama za ta fara, na ce ta yi haƙuri ta sauke, bakin tsoho ba abin wasa ba ne. Ni ba na yi wa kowa mugun fata. In an sake kiran bita, Allah ya tsare Mai Girma daga sharrin hanya, ya kai shi lafiya, amma bayan la'asar.