Raƙumana Bakwai da Makullin Biro

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da na tona wa kaina asiri ba, kuma tun yanzu in faɗa, wawan labarin nan ni ne. Kada mai karatu ya wahala neman wani.

Farkon shekarun saba'in ne, kafin babban fari, aka ce ana neman planto a biro, wato ofishin kumandan na Gure. Planto shi ke riƙe makullai, shi ke kai wasiƙu masu jan hatimi. Ga albashi, ga kaki, ga keke. Ni kuwa na yi lakwal har aji huɗu (korata aka yi, amma a gida na ce karatun ne ya ƙare), sai na ga duk garin ba wanda ya dace kamata.

To amma ba a ba mutum makulli sai an binciki halinsa. Aka turo Ajidan Sumana, wani jandarma Bazabarme, siriri, mai magana a hankali kamar yana auna ta a tiya. Har yau ban ga mai natsuwa irinsa ba. Ya ƙi kujera ya zauna a tabarma, ya sha hura ya yi godiya, zakaran da na kama masa kuwa ya ce a mayar wa kaji mijinsu.

Ya ce, "Malam, ba a son mai makulli da yunwa. Kana da abin hannu?"

Na gyara zama. "Mon ajidan, ni na fi ƙarfin sata! Raƙuma bakwai gare ni can ƙasar Alakos, awaki kam ban san adadinsu ba."

"Madalla. Tun yaushe?"

"Gadon ubana ne, shekara biyar ke nan."

Ya rubuta tsaf. Sannan ya zaro wani littafin daga jaka, na jangali. Mu kuwa al'adarmu, in masu ƙidayar dabbobi suka taho, sai a kora garke cikin kwari bayan tudun rairayi, a bar jaki ɗaya a ƙofar gida yana kallon gwamnati. Ya bi layi da yatsa, ya karanta sunana. "Jaki ɗaya, akuya biyu." Shekara biyar a jere, ko haihuwa akuyoyin ba su yi ba.

Gumi ya karyo mini har cikin hula. Bai tsawata ba, da ya tsawata ma da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi wanda gwamnati ke bi bashi a ɓoye, duk wanda ya san sirrinsa yana iya matse shi ya ce a buɗe masa wasiƙa. Ya ba ni wata guda in biya, ya hana a kai ni kaso a kulle. Tun ran nan, in mai littafi ya tambaye ni dukiya, jakarsa nake fara dubawa.

Na sayar da raƙumi guda na biya. Na koma da takardar shaida, na ƙame, na sara masa kamar tsohon soja.

"Mon ajidan, yanzu na wanku. Makullin fa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, kai da ka ɓoye wa gwamnati raƙuma bakwai, ina ga takardar da ke shiga aljihu?"