Mazan da Suka Makara

Ranar auren 'yar abokina Malam Yohanna na fara jin mawaƙan da yake koyarwa a cocinsu na Wusasa. Daga Ƙofar Kibo na taho, na zauna a gaba ina ji da kaina. Ai tsohon malamin firamare ne ni, na san yadda ake haɗa baki.

Mata suka ɗauko waƙar yabon Ubangiji a hankali, har tsigar jikina ta tashi. Sai da suka yi nisa sannan maza suka shigo da baitin farko. Haka aka yi ta tafiya, mata a gaba, maza a baya. Na hango abokina yana share hawaye, tausayinsa ya kama ni.

Da aka tashi na riƙe hannunsa a gaban mawaƙan, na ce, "Yi haƙuri, Malam. Mazan nan sun makara, amma ba kowa ya lura ba."

Ya ce, "Malam, wata uku na yi ina koya musu makarar nan."

Har yau in na yi latti zuwa gidansa, matarsa kan leƙo ta ce, "Shigo, Malam, mata sun daɗe da farawa."