Injiniya Uku a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Duk zuriyar nan ba a taɓa haifar mai ilimi irin Kawu Injiniya ba. Shi ya faɗa da bakinsa, wa kuwa zai ƙaryata mutumin da ke rataya makullan ofis a wuya kamar lambar yabo? Aikinsa kula da kwamfutocin wani kamfani ne, amma a gida ko fitila ce ta mutu sai ya ce matsalar sadarwa ce.

Ƙanwarsa ta haihu a wani gari mai nisa, ta ce za ta kira ta bidiyo a lokacin ziyarar asibiti don Kaka ta ga jaririn. Kawu ya hana kowa taɓa waya, ya kafa kwamfutarsa a tsakiyar falo.

A can cikin zuciyar kwamfuta akwai wata 'yar manhaja mai karɓo saƙo daga intanet. Kowa yakan cire tsohuwa ya sa sabuwa. Ban da Kawu. Wadda ta fito bara ya yi mata gyare-gyare da hannunsa, ta bana ma haka, ga wata da ya sauko da ita jiya. Goge aikinsa kuwa ai cin mutunci ne. Da kwamfuta ta ƙi karɓar uku masu suna ɗaya, sai ya raɗa musu Injiniya Babba, Injiniya Ƙarami da Injiniya Na Musamman, ya loda su gefe da gefe.

"Ku matsa ku ba ta iska," in ji shi. "Uku sun fi ɗaya, lissafi ne. Hoton zai iso tun ba a ɗauka ba."

Kira ya shigo. Babba ya cafke, Ƙarami ya fizge, Na Musamman ya tsaya kai da fata cewa layin nasa ne. Allo ya daskare a kan wani abu fari.

Kaka ta gyara tabarau. "Tubarkalla, ga kumatu!"

Ashe matashin kai ne na gadon asibiti. Allon ya yi baƙi ƙirin. Kawu ya yi ta ƙwanƙwasa madannai yana gumi har aka kori masu ziyara a asibitin.

"Ba lalacewa ba ce, Inna," ya ce. "Shawara suke yi a tsakaninsu."

Kaka ta cire tabarau ta naɗe a gefen mayafi.

"Ɗan nan, kai kaɗai da ƙyar gidan nan ya ɗauke ka. Shi ne ka cusa irinka uku a ɗan akwati, kake jira wani ya saurari wani?"