Famfon Halilu da Kunnen Mai Girma

Jama'a, wata Talata kwanakin baya na sha wa wani bawan Allah isansi, wato man fetur, ban san shi ba, bai san ni ba. Tun da hantsi nake layin gidan mai a nan Dogon Dutsi, hannu ɗaya riƙe da moto, wato babur ɗina, ɗaya da salula ina amsa wa maiɗakina Mardiyya cewa e, zan taho da daddawa, kunne kuma na can baya inda wasu samari ke gardamar kokowa. Anka ce mai ya kusa ƙarewa, layi ya hargitse, na saki moton na je na faɗi ra'ayina kan kokowar, na dawo na kama ƙaho na tura. Sai da anka zuba, na biya, na sa makulli ya ƙi shiga, sannan na ga wani dogon mutum tsaye a bayana yana murmushi. Jan moto ne irin nawa, amma nasa ne. Nawa na can jingine da bango, kuma daga kaina mai ya ƙare. Ya yi mini godiya sosai, ya ce Allah ya maida da alheri, ya hau ya tafi.

Na turo abina gida ina zufa. A ƙofa na tarar da maƙwabciyarmu Malama Ummukulsum, wadda ta yi karatun halayyar ɗan Adam a jami'a a Yamai, yanzu kuma tana koyar da masu shirin zama malaman lakwal, wato makarantar boko. Na ba ta labari don ta tausaya mini, sai ta yi ta dariya har tana dafa bango.

"Maƙwabci, ba tsufa ba ne," in ji ta. "Raba hankali ka yi. Masana sun ce mutum na iya haɗa aiki biyu in ɗayan ya saba da shi, kamar tafiya da hira. Kai ko kokowa, daddawa da moto ka ɗora wa kai ɗaya."

Na ce wannan ai kakata ta sani ba ta je Yamai ba, taura biyu ba ta taunuwa. Ta ce haka ne, amma maida hankali ba iri ɗaya ba ne, kowane da aikinsa. Akwai mai juriya, irin na mai tsaron gero lokacin da tsuntsaye sunka sauka, ya wuni ido na kan gona. Akwai mai kai-kawo, irin na mai tuyar ƙosai, ta dubi mai a kasko, ta juyo ta sallami mai saye, ta koma ba ta ƙona ko ɗaya ba. Akwai kuma mai zaɓe: uwa a tsakiyar kasuwa, jakai na kuka, dillalai na ihu, amma kukan ɗanta kaɗai take ji. Ta ƙara da wani abin da ya tsaya mini a rai. Ta ce ko mutum ya nutse cikin hira a gidan biki, in wani ya ambaci sunansa can nesa, sau da yawa kunnensa zai zabura ba da izininsa ba.

Muna nan sai ga Halilu, taubashina, daga wani ɗan ƙauye gaba da Dumega. Ni da shi ba mu gaisawa sai da tsiya, amma ranar ko kallon moton da nake turawa bai yi ba, na san ba lafiya. Famfon garinsu ya mutu tun bara. Mata na fita da duku-duku zuwa wata rijiya mai nisa, su dawo rana ta take. Matarsa ta gaya masa a fili, in rani ya shigo ba ruwa za ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Sukukutane sai damina. Kuma ba faɗa take ba, bayanta ne ya gaji.

To ga shi wani Mai Girma, Uban Alkawura, Garkuwar Talakawa, zai zo rangadi yankinsu. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Gari ya sake zaɓen Halilu ya yi magana a madadin kowa, kamar bara.

Na ce, "To bara mi ya faru?"

Ya ce, "Na yi yadda anka koya muna. Na gaida shi, na gaida tawagarshi, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na yi godiyar zuwan da ya yi bara waccan. Ina cewa 'sai dai famfonmu', wayarshi ta yi ƙara. Wani mai baƙin tabarau ya amshe abin maganar, ya ce lokaci ya cika."

Kun ji matsalarmu, 'yan Arewa. An yi mana tarbiyya. Ba mu iya faɗa wa babba buƙata ba sai mun shimfiɗa mata tabarmar gaisuwa mai tsawo, alhali hankalin babba gajere ne, a gaisuwar yake ƙarewa. Ba zargin su nake ba, Allah ya kiyaye. Ni ban taɓa ganin gwanayen raba hankali irin manyanmu ba. Waya biyu a hannu, wani na raɗa a kunnen dama, ido na kan tiren gasasshen rago, kai kuma na gyaɗawa kamar ana saurarenka. Wajen maida hankali mai zaɓe ko, ba su da na biyu. Ka yi magana mai tsawo, yabo ya shige, koke ya tsaya a bakin ƙofa. Mai juriya ma suna da shi, don na taɓa ganin wani ya zauna tun azahar har la'asar maroƙi na wasa shi, ko ƙiftawa bai yi ba.

Nan dabara ta zo mini. Na ce wa Halilu, "Bana kada ka gaida kowa. Ka fara da sunansa, ka ce gari ya yanke shawarar raɗa wa famfo sunansa."

Ya zaro ido. "In tashi gaban mutane ban yi gaisuwa ba? Sai a ce uwata ba ta hore ni ba."

"To ka zaɓa, a ce ba a hore ka ba, ko ka wuni kana daka wa kanka fura har damina."

Malama ta ce ita dai ilimi ta bayar, ba ruwanta da abin da munka yi da shi.

Ranar rangadi na bi shi. Manyan motoci kat-kat, masu ratsa yashi, sunka jeru har ban ga ƙarshensu ba, duk don a zo a ga talakawa. Man da sunka ƙona kaɗai ya isa ya gyara famfon har a yi walima. Anka miƙa wa Halilu abin magana. Ya yi sallama a gajarce, ya kira sunan Mai Girma cikakke, har da na mahaifinsa. Wallahi ina kallo, wayar da ke kunne ta sauko a hankali. Halilu ya ce gari na roƙon alfarma a yarda famfonsu ya ci sunan Mai Girma, don jikoki su san an yi mutum. Mai Girma ya gyara zama, ya ce wa mai baƙin tabarau a bar shi ya ci gaba. Halilu ya ce sai dai famfon na buƙatar ɗan gyara. Mai Girma ya ce wannan ƙaramin abu ne, anka yi tafi, mata sunka yi guɗa.

Ba a jima ba mota ta zo ƙauyen. Ta kawo mai fenti da wani ƙaton allo na ƙarfe, ga suna da manyan baƙaƙe. Anka shafe famfo da kore, anka kafa allo, anka ɗauki hoto, anka tafi. Makaniki bai zo ba. Halilu ya kira ni a waya ya ce, "Boka, maganinka ya ci rabi. Yanzu muna da famfon da ya fi kowane kyau a ƙasar Tibiri, sai dai a sha da ido." Matarsa kuma ta fara ɗaure kaya. Na ji kunya ƙwarai, har na daina bi ta ƙofar Malama.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin mata. Da, in sun haɗu a hanyar rijiya sai su ce famfo ya mutu. Yanzu famfo na da suna, kuma ba su da dalilin ɓoye shi. A kasuwar Dumega, a tasha, a cikin motar haya, magana ɗaya ce: famfon Wane ba ruwa, famfon Wane sai fenti. Direbobi sunka ɗauko ta sunka kawo birni. An ce a wani ɗaurin aure, Mai Girma na tsakiyar hira da manyan baƙi, wasu can baya wajen takalma sunka ambaci famfon da sunansa. Bara ga abin magana a gaban hancinsa bai ji ba. Bana raɗa ce daga nesa, ya juyo.

Kafin Juma'a makaniki ya sauka a ƙauyen da kayan aiki. Ashe wani ɗan ƙarfe ne ya cinye, bai kai tafin hannu ba. Ruwa ya zubo, yara sunka yi ta wanka da tufafinsu, matar Halilu ta kwance kayanta. Ya aiko mini da zabi biyu da saƙon cewa har yanzu ni ba kowa ba ne.

Jiya kuma ya sake kira. Mutanen ƙauyen gaba, waɗanda iska ta kwashe wa rufin aji tun daminar bara, sun aiko dattawa da goro suna neman aron allon na wata ɗaya. Bayansu akwai masu ɗakin haihuwa da ba ƙofa. An zauna an shawarta, an ce maƙwabtaka ta wuce haka, an tumɓuke an ɗora musu a amalanken jaki.

Saboda haka in kun haɗu da allon a hanya, ku ba shi wuri ya wuce, aiki zai je. A iya sanina shi kaɗai ne babban da ke zuwa ƙauye a kan jaki, ya kwana, kuma bai taɓa neman kuɗin tafiya ba.